Asake Biyu A Akwati Ɗaya: Yadda Ɗaya Ta Tashi, Ɗaya Ta Gagara

Kawuna ne ya kawo mini su cikin wani ɗan akwatin katako mai marfi, asake biyar a jere, kowace a ninke cikin ƙotarta. A gwanjon tsofaffin kaya ya kwashe su gaba ɗaya, don shi in ya ga tsohon ƙarfe ƙafarsa ba ta iya wucewa. Ya san na jima ina harkar gyaran asaken da, irin masu ninkewa, sai ya dire akwatin a gabana ya ce, "Ɗana, so nake ka goge mini su har in riƙa ganin fuskata a jiki. Musamman wannan mai ruwan zinaren."

Ina ɗaga marfin wani wari ya bugi hancina, tsami-tsami mai ɗan yaji. Ƙyallen da aka shimfiɗa a cikin akwatin ya ƙone ya yi ruwan ƙasa a ƙarƙashin aska ɗaya, ina taɓa shi ya ruɓushe. Ƙananan ƙusoshin marfin ta ciki duk sun yi tsatsa, na waje kuwa lafiyarsu lau. Tun daga nan ya kamata in gane abin da ke faruwa. Na gane rabinsa, sauran rabin sai da na yi asarar dare biyu.

Uku daga cikin asaken ba su da wani labari. Tsatsar sama ce kawai, mai da soson ƙarfe mai laushi suka ɗauke ta, aka wasa, aka mayar. Sauran biyun su ne wannan nazari ya shafa, domin kafaɗa da kafaɗa suka kwanta shekara da shekaru, kuma abin da ya fito daga jikin ɗaya shi ya taɓa ɗayar.

Ta farko, wadda kawu ya ƙwallafa rai a kanta, ƙirar Solingen ce ta ƙasar Jamus. Faɗinta 5/8 na inci, don da kashi takwas na inci ake auna faɗin aska, daga doronta zuwa bakinta. An rarake ruwanta sosai, gefe da gefe, har ƙarfen da ke bayan kaifin ya yi sirantakar takarda. In ka ɗora bakin a kan farcen babban yatsa ka ɗan danna, kana ganin yana lanƙwasa. A fuskarta akwai zanen ruwan zinare, ƙotarta kuma mai ɗaukar ido ce, ruwan zuma mai dabbare-dabbare, haske yana ratsa ta, an kwaikwayi ƙoƙon kunkuru.

Ta biyu ba wanda zai kalle ta sau biyu. Baƙa ƙirin, mai nauyi, faɗinta 7/8, ƙotarta ta ƙaho ta bushe ta yi furfura, ƙwaro ya gutsure gefenta wuri uku. Sai da na diga mai a wuyanta na murza da yatsa sannan rubutu ya fito: Wade & Butcher, Sheffield, ga harafin B cikin da'ira, ga kibiya, ga ɗan gicciye mai hannu huɗu.

Shekarun kowace

Kafin a taɓa tsohuwar aska da komai, ana karanta ta tukuna, kuma wuyanta shi ne shafin farko. Kamfanin Wade & Butcher na garin Shefild ne a Ingila, na 'yan'uwa biyu William da Samuel Butcher tare da Robert Wade, kuma a ƙarni na 19 Amurka ce babbar kasuwarsu. Wannan yana da amfani wajen sanin shekaru, saboda dokar harajin McKinley da Amurka ta kafa a 1890 ta wajabta cewa daga 1891 duk kayan da za a shigar ƙasar sai an rubuta sunan ƙasar da aka ƙera su. Askar Shefild da ke ɗauke da kalmar "England" a wuya, galibi bayan wannan shekara aka yi ta. Tamu ba ta da ita. Wannan shaida ɗaya ba ta isa ba, tunda dokar ta shafi kayan da aka nufi Amurka da su ne, amma sauran jikin askar ya goyi baya: ruwanta cikakke ne, kwarminsa kaɗan ne ƙwarai, kamar an yanka shi daga gatari, ƙotar ƙaho ce, ɗan abin da aka cusa tsakanin ɓangarorin ƙotar biyu a ƙarshenta dalma ce, a hancinta kuma, wato ƙarshen ruwanta, akwai ɗan gurbin nan mai kama da rabin wata. Duk waɗannan sun haɗu a kan rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kafin 1891.

Wannan ƙarfe yana da asali. A Shefild ɗin ne Benjamin Huntsman ya gano yadda ake narka ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu wajajen 1740, ya fito sumul ba gauraye, kuma a kan wannan ne sunan garin ya tsaya fiye da shekara ɗari. Zurfin rarakewa irin na askar Jamus kuwa ya yaɗu ne daga baya, musamman bayan da Carl Friedrich Ern na Solingen ya fito da injin niƙa mai dutse biyu a 1893, wanda ke cin gefe biyu na aska a lokaci guda. Da wannan, da irin ƙotarta, askar Solingen ta faɗa farkon ƙarni na 20. Wato dai mummunar ta girmi kyakkyawar da shekaru masu dama.

Dalilin da ya sa irin waɗannan asake suka ƙare a akwatuna ba ɓoyayye ba ne. Gillette ya sami rajistar rezarsa mai canjin baki a 1904, sojojin Amurka suka saba da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka koma gida da ita. Aska ta shiga aljihun tebur aka rufe, kuma rufewar nan ita ce ta kashe ta Solingen.

Ciwon da ke cikin ƙota

Ƙotar mai ruwan zuma seluloyid ce, ɗaya daga cikin robobin farko da ɗan Adam ya haɗa. John Wesley Hyatt ya yi mata rajista a Amurka a 1870. Ana yin ta ne da auduga ko ɓawon itace da aka jiƙa da asid na naitirik, sannan a cuɗa da kafur don ta yi laushi. Masu ƙera aska sun so ta don tana karɓar kowane launi, tana kwaikwayon hauren giwa, da ƙoƙon kunkuru, da lu'ulu'u. Gane ta ba wuya: a murza ta da ƙyalle har ta ɗumama, a sansana, ƙanshin kafur zai tashi. Wasu suna gwada ta da allura mai zafi. Kada a yi haka, domin seluloyid tana kama wuta kamar fetur.

Matsalarta ita ce in ta tsufa takan fara warwarewa da kanta. Kafur ya tsere, ita kuma ta dinga fitar da iskar da in ta haɗu da danshi take komawa asid. Asid ɗin yana ƙara hanzarta warwarewar, warwarewar tana ƙara asid, haka abin ke cin kansa, kuma in ya fara ba a san yadda za a tsayar da shi ba. Zafi da danshi da rufaffen wuri su ne abincinsa. Ƙotocin da haske ke ratsawa sun fi kamuwa. Masu duhu da farare ƙal sukan daɗe, saboda garin da aka zuba musu don launi, irin su zinki, yana shanye wani ɓangare na asid ɗin.

Tsatsar wannan ciwo tana da kamanninta. Tsatsar ruwa takan zo ɗigo-ɗigo, nan da can, inda aka bar lema. Wannan kuwa shimfiɗa take yi, laushi kamar an barbaɗa garin barkono, kuma tana bin daidai inda ƙota ta rufe ƙarfe. A askar Solingen, layin ya fito tsaf kamar an ja shi da rula: daga tsakiyar ruwa zuwa baki ja wur, doron da ke waje yana ƙyalli. Ƙusoshin ƙotar sun yi kore. Ita kanta ƙotar ta ɗan tsuke, in ka ɗaga ta ga haske kana ganin ƙananan tsage-tsage a cikinta kamar sukari, jikinta kuma yana ɗan danƙo.

Nan take na yanke ƙusoshin na raba ƙotar da ƙarfen, na fitar da ita waje nesa da komai. Wannan daidai ne. Kuskurena shi ne abin da ya biyo baya. Saboda na ga yadda kawu ke son wannan aska, sai na zauna da samfefa, dare biyu cur, ina bin fuskarta a hankali, ina kewaye zanen zinaren don kada ya tafi. Ta yi kyau kuwa. Sai a rana ta uku na ɗora ta kan dutsen wasa mai lamba 1000 (yawan lamba, yawan laushin dutse) don in fitar da baki. Bayan 'yan jan hannu na duba da gilashin ƙara girma, gabana ya faɗi. Sabon bakin da ya fito duk huji ne, kamar soso. Na ci gaba da ci, ina fatan in wuce wurin in tarar da lafiyayyen ƙarfe. Duk layin da na cire, wani layin ramuka ne ke bayansa. A wasu wuraren ramin gefen dama ya haɗu da na hagu, haske yana fitowa ta ciki. Na cinye fiye da milimita ɗaya na faɗinta kafin na haƙura.

Dalilin a fili yake. Askar da aka rarake sosai, ƙarfen da ke bayan bakinta bai kai kaurin da zai ɗauki rami ba. Ramin da a jikin wuƙa ba zai zama komai ba, a nan ya huda ta. Da na fara da dutse kafin samfefa, minti goma sun isa su gaya mini abin da dare biyu suka ɓoye. Tun daga ranar, duk askar da ta zo hannuna da tsatsa kusa da baki, dutse ne farkon abin da take gani, ko da kuwa ƙotarta tana reto.

Da na kai wa kawu labari ya yi shiru, ya juya ta a hannu, ya ce, "To ba za a iya cike ramukan ba?" Na ce, "Kawu, ba a cike bakin aska. Abin da zai taɓa fuska dole ya zama ƙarfe ɗaya tun daga maƙera." Ya ce in bar masa ita haka, zai ajiye don kallo.

Ta Shefild

Ita ma ta sha iskar, gefenta da ke fuskantar maƙwabciyarta ya fi ɗayan ja nesa ba kusa ba. Wannan karon dutse na fara. Jan hannu kamar talatin a kowane gefe, sai ga siririn layi mai haske ya fito daga dunduniya, wato gindin baki ta wajen wuya, zuwa hanci. Ƙarƙashin gilashi na ga ramuka biyu ƙanana kusa da dunduniya, sauran duk ƙarfe ne lafiyayye. Kaurin da ya sa ta muni shi ya cece ta; asid ya ci sama, bai sami hanyar ratsawa ba.

Sai warware ta. Ƙusar aska ba a kwance ta, daddaƙe kanta aka yi ya baje a kan ɗan zobe. Na manna salatif kewaye da ita don kare ƙahon, na ci kan ƙusar da ƙaramin magagari har ya tafi, sannan na tura ta da siririn ƙarfe a hankali. Zobban asali, masu ɗan tudu, na adana su cikin murfin kwalba, don samun irinsu yanzu sai an sha wuya, kuma masu tara asake suna duba su. A ƙarƙashin ƙotar, wajen ramin ƙusa, na tarar da abin da ake tararwa kullum: dunƙulen tsatsa da tsohon sabulu da guntayen gashin wani bawan Allah da ya rigaye mu da shekara ɗari ko fiye. Nakan ɗan tsaya in na zo wurin nan.

Ƙahon ya fi ba ni tausayi. Ƙaho da gashi da farce duk abu ɗaya ne, shi ya sa tsutsar ƙwaron da ke cin ulu take cin sa, kuma shi ya sa in ka goge shi da samfefa kake jin ƙaurin gashi. In ya bushe yakan ɓare salo-salo. Da yawa sukan jefar da shi su sassaƙa sabuwar ƙota ta katako mai tsada ko roba mai walƙiya. Ni ban yarda da wannan ba sai in babu makawa. Wanda ya ƙera askar ya auna nauyin ƙotar da na ƙarfen, ya sa dalma a ƙarshe don su daidaita a hannu, kuma ƙotar da ta yi shekara ɗari da wani abu tare da ruwanta ta zama ɓangaren shaidarsa.

Na wanke shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, na bari ya bushe. Gyaran ɓaraka yana zuwa kafin mai, don gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Inda ya ɓare na ɗura sufa gulu mai ruwa-ruwa na matse. Cizon ƙwaron nan uku na cike su da garin ƙahon da na kankaro daga cikin ƙotar, na diga gam a kai, ya daskare, na daidaita da samfefa. Ɓangare ɗaya ya ɗan karkace, na ɗumama shi da ruwan zafi har ya yi laushi, na matse shi tsakanin katako biyu ya kwana. Bayan nan na nutsa su duka cikin man nan da ake samu daga ƙashin ƙafar shanu, wanda masu aikin fata ke amfani da shi, kwana uku. Da na ciro su na goge, furfurar ta tafi. Ashe ƙahon ba baƙi ba ne gaba ɗaya: ta wajen ƙarshensa akwai jijiyoyi ruwan zuma, in ka ɗaga shi ga taga haske yana shiga ciki. Abin da seluloyid ta yi ta ƙoƙarin kwaikwaya ke nan.

A kan ƙarfen ne muka sami saɓani da kawu. Tsatsa iri biyu ce a jikinta. Akwai ja, mai rai, wadda ke ci gaba da cin ƙarfe, dole a cire ta. Akwai baƙa, wadda ta zauna ta daina ci, har ma tana ɗan kare abin da ke ƙarƙashinta. Na jiƙa jar da man keken ɗinki, na kankare ta da gefen tsohuwar reza a kwance, na bi da soson ƙarfe mafi laushi. Ramukan da suka rage na tsefe su ɗaya-ɗaya da tsinke da man goge ƙarfe har ba sauran ja a gindinsu. Sannan samfefa mai lamba 600, da 1000, da 2000, da hannu, a naɗe jikin toshiyar kwalba, ina bin tsayin layukan da dutsen maƙerin ya bari, daga doro zuwa baki. Wuyan da ke da rubutu ban kai masa samfefa ba ko kaɗan.

Kawu ya zo ya tarar da ita ruwan toka mai sheƙi, da zanzana jefi-jefi a gefe ɗaya. Ya ce, "Ɗana, ai ba ka gama ba. Ina madubin?" Na ce masa madubi yana yiwuwa, amma ga kuɗinsa. Ba a cire rami daga ƙarfe, sai dai a cinye duk ƙarfen da ke kewaye da shi har a kai gindinsa. In na yi haka a nan, kusurwoyin doro za su dulmuye, layin da ya raba wuya da ruwa zai shafe, kibiyar da gicciyen su dusashe. Hanyar sauri kuma, wato injin gogewa mai juyawa, tana da nata haɗarin. Taurin aska daga wuta ya zo: an ƙona ta, an tsoma, sannan aka ɗan sake ɗumama ta wajajen digiri 200 don kada ta yi gautsi. In inji ya ɗumama bakin ya wuce haka, taurin ya tafi, kuma a siririn baki wannan aikin daƙiƙa kaɗan ne. Wani lokaci launin ruwan ciyawa ko shuɗi yakan nuna, wani lokaci gogewar ta share shaidar, sai mai aska ya yi ta wasawa baki yana ƙin zama bai san dalili ba. Ban da haka, inji yakan fizge aska daga hannu ya wurga ta. Na sha ganin asaken da aka yi wa wannan gatan, suna walƙiya kamar cokali, sunan maƙerin ya zama inuwa, kuma raina yakan ɓaci, don abin da aka cire ba ya dawowa.

Ya ɗan yi jim, ya ce, "To zanzanar ba za ta ci gaba ba?" Na ce in dai gindin ramin ba ja, kuma ana shafa mai, ba za ta motsa ba. Ya ce in yi yadda na gani.

Mayar da ƙusa aiki ne na haƙuri. Sandar tagulla mai kaurin 1/16 na inci, a yanke ta ta ɗan ɗara zobe kaɗan, a daidaita kanta da magagari, sannan a dinga bugu da ƙaramar guduma mai kan ƙwallo. Bugun da in ya sauka a farcenka ba zai yi zafi ba, shi ake so, sau da yawa, ana juyawa gefe da gefe. Bugu mai ƙarfi yana lanƙwasa ƙusar a ciki ko ya tsaga ƙahon. Tsakanin wuya da ƙota na sa siraran zobba biyu don kada ƙarfe ya dinga gugar ƙaho. Bayan kowane bugu goma sai in rufe askar in ga ko tana shiga tsakiya. Da farko ta karkata hagu har bakin yana neman taɓa ƙota. Na ƙara bugu ta ɗaya gefen, ta dawo.

Lissafin baki

Aska ba kamar wuƙa ba ce da ake ɗaga bayanta a kan dutse. Kwantar da ita ake yi, doro da baki su taɓa dutsen tare, don haka kaurin doro da faɗin ruwa su ne ke yanke kusurwar kaifi. Maƙeran da sun saba yin faɗin ya ninka kaurin doro wajen sau uku da rabi, abin da ke ba da kusurwa tsakanin digiri 15 da 17. Ƙasa da haka baki ya yi rauni ya dinga karyewa, sama da haka sosai ya dinga jan gashi.

Wani daga cikin masu askar nan na baya yana da nauyin hannu a kan doro, ya cinye shi ya yi faɗi. Na auna: kaurinsa milimita 5.3, daga inda yake taɓa dutse zuwa baki milimita 21. Lissafi ya ba da digiri 14.5. Maganin shi ne baƙin salatif na masu aikin lantarki a manna a doro. Kaurinsa wajen milimita 0.18 ne, kuma tunda gefe biyu yake rufewa, kowane layi yana ƙara kusan digiri ɗaya a aska mai wannan faɗi. Na fara da layi ɗaya. A dutse 1000 komai ya tafi daidai, ramukan nan biyu na dunduniya suka fita. A 4000 ma lafiya. Ina hawa 8000 sai na ga ƙananan ɓalli suna fitowa a bakin, waɗanda ido ba ya gani sai gilashi. Na koma baya, na sa layi biyu, kusurwa ta zama wajen 16.5, na sake daga 1000. Wannan karon baki ya riƙe. Salatif yana cinyewa, don haka ina canja shi duk lokacin da zan canja dutse, wani lokaci ma kafin nan.

Bakinta ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ɗan tumbi a tsakiya, abin da masu wannan harka ke kira murmushi. Haka aka ƙera yawancin asaken Shefild na wancan zamani, kuma kuskure ne a miƙar da shi. In aka ja irin wannan baki a miƙe a kan dutse, tsakiya kaɗai ke taɓawa. Sai an fara da dunduniya, a mirgina nauyin hannu a hankali zuwa tsakiya, a ƙare a hanci, duk cikin ja ɗaya mai karkata. Don in tabbatar ko'ina yana samu, na shafa wa bakin baƙar maka, na ja sau biyu, na duba inda tawada ta rage. Hanci ne ya ƙi, sai da na ɗan ƙara ɗaga gwiwar hannu a ƙarshen kowane ja.

Dutse 1000 shi ne aikin gaba ɗaya, sauran gogewa ce. In gefe biyun ba su haɗu a layi ɗaya tun a nan ba, ko dutsen zinare aka hau daga baya ba za ta yi aski ba. Shaidata ita ce ta aske gashin hannu a kowane sashe na bakin, kuma in na haska fitila kai tsaye a kan kaifin kada wani wuri ya mayar da haske. A cikakkiyar aska irin wannan, wannan mataki kaɗai ya ci mini fiye da awa ɗaya.

Na ƙarasa a kan dutsen Beljiyam mai ruwan ƙwai, wanda ake haƙowa a yankin Vielsalm. Ƙananan duwatsun garnet da ke cikinsa masu zagayayyen jiki ne, shi ya sa bakin da yake bayarwa yake da taushi a fata, kuma tsohon ƙarfen Shefild yana son sa. Da ruwa zalla, nauyin askar kawai, ja hamsin. Sai fatar goge baki: ja talatin a kan gefenta na zane, sittin a kan fatar, doro a gaba, ana juyawa a kan doro. Na riƙe gashi ɗaya a iska na sauke shi kan bakin nesa kaɗan da yatsuna, ya faɗi biyu ba ƙara.

Kafin ta taɓa fuska na wanke ta da sabulu, na jiƙa ƙarfen da sifirit mai kashi 70, na kiyaye ƙahon. Tsoron ciwon mai ita na farko ba shi da wuri bayan shekaru haka, amma ba ka san hannun da ta bi a gwanjo ba, kuma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen wuri aƙalla kwana 7. Tafasawa tana lalata ƙota, bilic kuma yana cin ƙarfe, don haka ba a yin su.

Ni na fara gwada ta. Cikakkiyar aska ba ta kuka a fuska irin na rarakakkiya, shiru take tafiya, nauyinta ne ke aikin, kai dai ka riƙe ta kusan a kwance ka bi ta. A ƙarƙashin haɓa, inda gashina ya fi tauri, ba ta tsaya ba.

Na mayar wa kawu da ita tare da 'yar takarda da na rubuta: salatif layi biyu, dutsen Beljiyam, don duk wanda zai sake wasa ta ya san inda aka tsaya, in aka hau dutse ba salatif, bakin ba zai taɓa ba sam. Akwatin kuwa na cire ƙyallensa na zubar, na bar shi a buɗe a inuwa sati biyu, duk da haka na ce kada a sake rufe ƙarfe a ciki, don katako yana riƙe asid. Cikin ukun nan marasa labari ɗaya ma ƙotarta seluloyid ce, baƙa, ba alamar ciwo tukuna. Na ce a ajiye ta ita kaɗai inda iska ke shiga, a buɗe ta duk wata a duba ƙusoshinta da ƙarfen da ke cikin ƙota. Ruwan askar Solingen yana kan kantar kawu, ba ƙota, an shafe shi da mai, zinarensa yana nan. Ta Shefild tana wajen madubinsa, kuma ya ce ranar Juma'a zai kawo ta in nuna masa yadda ake juya ta a kan fata, don ya riga ya yanki tasa fatar wuri biyu.